Katakon Baffa Achiel

A gidan su Godelieve ba a zuba wa giya yisti. Tun zamanin kakan kakanta, in sanyi ya shigo sai a dafa sha'ir da alkama, a haura bene da ruwan, a juye a wani faffaɗan kaskon tagulla, a buɗe tagogi a sauko. Abin da ke yawo a iskar kwarin, da abin da ke kwance a tsoffin katakan rufin, shi ke sauka ya kama ruwan ya mai da shi giya. Shi ya sa ba mai share rufin, ba mai taɓa gizo-gizo. An yi yaƙi, sojoji suka kwance tukwanen gidan suka tafi da su, aka sayi wasu, ɗanɗanon giyar bai gusa ba.

Bana guguwa ta yaye rufin. Kafintoci suka zo, mutanen kirki masu son tsabta, suka sauke ruɓaɓɓun katakan suka kafa sababbi farare tas. Godelieve da bakinta ta ce a kwashe tsoffin. Ita da aka haifa a ƙarƙashin rufin nan! Amma mai gyaran gida idonsa na kan yoyo.

Ta yi dahuwar farko, ta ɗura a ganguna, ta jira kumfar da ke ɓulɓulowa ta bakin ganga in giya ta kama. Shiru. Kullum da safe sai ta bi layin gangunan tana kara kunne, ba ta jin komai sai numfashinta. Tsoro ya kama ta sosai, don in ruwan ya mutu, a hannunta gidan ya mutu.

Wata yamma ta hau benen ita kaɗai. Hasken rana ya ratso tagogi, ƙarar ƙararrawar coci na zuwa daga nesa. Ta zauna a gefen kaskon, idonta ya yi nauyi. Sai ta ga kamar tururi ya cika ɗakin, mutane na kaiwa da kawowa a ciki da takalman katako: marigayi babanta, kakarta mai ƙaton bokiti, da wasu da ba ta san fuskokinsu ba. Duk suna ɗaga kai suna duban rufin, kamar baƙin da suka ɓata hanya, sannan su fice ta taga ɗaya bayan ɗaya.

Tari ne ya farkar da ita. Baffa Achiel ne, ƙanen babanta, tsohon mai haɗa gangunan gidan, ya hawo yana haki.

"Ke, Godelieve, ɗakin nan warin asibiti yake. Wace giya ce za ta zauna a nan?"

"Baffa, kada ka ƙara mini. Katakan sun tafi, an ƙone su."

"An ƙone na wawaye dai. Taho."

Ya kai ta rumfar bayan gidansa, ya yaye wani buhu. Katakai ne baƙaƙe, an yanka su tsawon mutum, ba a goge ba. Ta sunkuya ta shinshina. Tsamin nan ne, da ƙanshin tuffa da ƙura, warin rigar babanta. Hawaye ya zubo mata.

"Ranar da ake saukewa na zaɓi masu lafiya," in ji shi. "Akwatin gawata nake haɗawa. Na ce a ƙarƙashinsu na rayu, a cikinsu zan kwanta."

"To ba zan karɓa ba."

"Ji min yarinya! Wa ya tambaye ki? Da tsohuwar zuma ake magani. Ɗauki can gefen, bayana ba na jiya ba ne."

Suka rataye katakan a saman kaskon, ƙarƙashin sabon rufin. Ta sake dahuwa. Tururi ya tashi ya lulluɓe su, ya taru a jikinsu, ya riƙa ɗigowa cikin ruwan a hankali. Baffa Achiel ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo, hularsa a hannu.

Kwanaki suka shuɗe. Sanyi ya kwantar da tsohon, har ya daina fita. Ran nan da hantsi Godelieve ta shigo ɗakinsa da gudu, tafin hannunta cike da farar kumfa, tana zuba a ƙasa.

Ya lakata da yatsa ya kai baki. Ya lumshe ido ya daɗe.

"Ta gidanmu ce," ya ce.

Ta durƙusa a gefen gadon. Murna ta cika ta, ga kuma ramar da ya yi.

"Baffa, kai fa? A me za ka kwanta?"

"Ki sa kafintocin nan naki su yi mini da fararen katakansu. Ni ba kumfa ake jira in yi ba."