Farin Bayan Lihafi

"Ajiye rezar nan, Lauratu. Ajiye ta nesa da ni."

Na ajiye, amma sai da na yi tsaki. Ni dai Allah bai yi ni da haƙuri ba, kowa a layinmu na Umdurman ya san haka. Hajja Hajaratu, maƙwabciyata da katanga ɗaya ta raba mu, tana kishingiɗe a kan angarib, gadon nan na igiya, lihafinta a kan cinyoyinta. Babban bargo ne cike da auduga, samansa kore, bayansa farin yadi ƙal. Farin take so mu cire.

Tun da yaƙi ya rufe Kasuwar Umdurman, inda ta ƙare ƙuruciyarta tana ɗinka wa amare lihafi, farin yadi ya ɓace a unguwa. Mun ga an binne mutum cikin zanen gado, wani ma cikin labule. Ita kuwa ciwon sukari ya ci ƙarfinta, allurar maganinta ta ƙare, babu inda za a samo, ɗanta Mujtaba yana can Kassala hanya ta ƙi buɗewa. Ta san abin da ke tafe. Abu ɗaya ta roƙa: a kai ta cikin farin likkafani.

"Ya Hajja, reza ta fi sauri. Shar, shar, kalas, an gama!"

"Shar ɗin nan nake tsoro, ya bitti, 'yata. Reza ba ta bambance zare da yadi. So kike in je gaban Ubangijina da huji?"

Ta lalubo wani ɗan ƙarfe daga gwangwanin zarenta. Siriri ne, bakinsa rabe biyu: ɗaya dogo mai tsini, ɗaya gajere da jan ɗigo a kai don kada ya soki yadi. Mariƙinsa ya tsage, ta naɗe shi da zare.

"Ki cusa tsinin ƙarƙashin zare, ki ɗaga a hankali. Ki tsallake kaɗan, ki sake. In kin kai ƙarshe ki juya ta baya ki ja, zai biyo ki da kansa."

Hannunta rawa yake, don haka aikin ya dawo kaina. Ɗinkinta ƙanana kamar ƙwayar riɗi, layi a kan layi. Har ga Allah na sha yi mata mita don ta iya aikinta da yawa. Ita kuma tana kwance tana lissafa mini amaren da suka kwana cikin ɗinkinta, da waɗanda aurensu ya mutu lihafin bai ko koɗe ba.

Ranar da farin ya rabu da auduga, ba mu gama murna ba muka ji kururuwa daga gidan Wafa'a, wadda ke kallonmu ƙofa da ƙofa. 'Yarta Hala, da ba ta ma shiga makaranta ba, zazzaɓi ya tafi da ita. Hajja ta saurara, ta rufe ido.

"Kawo almakashi."

"Hajja, wannan fa naki ne. In aka yanka ba zai ishe ki ba."

"Ni gajera ce."

Duk layin babu macen da ta kai ta tsawo. Na faɗa mata haka, har da ɗaga murya, ina kuka. Hannu kawai ta miƙo. Da hannun nan mai rawa ta yanke abin da zai ishi yarinya, kuma yankan ya tafi sak.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, na shiga mata da shayi na tarar ta cika. Fuskarta na duban gabas, ta juya da kanta.

Mijina Salih da sauran maza suka haƙa kabari a filin bayan masallaci, don hanyar maƙabarta ba ta biyuwa. Liman ya aiko cewa a halin da ake ciki ƙyalle ɗaya ya wadatar, muddin ya rufe jiki duka. Ni da Wafa'a muka yi mata wanka. Muka naɗe ta tun daga kai, yadin ya zo idon sawu ya tsaya. Ƙafafunta biyu a waje.

Wafa'a ta durƙushe. "Saboda 'yata ne. Wallahi saboda 'yata ne."

Na ja yadin, ya ƙi. Ina ja ne yatsuna suka ji kauri a bakinsa. Kalmasa ce: Hajja ta ninke bakin yadin ciki, ninki a kan ninki, ta ɗinke, kuma ba mu kai ga warware shi ba.

Salih ya buga ƙofa. "Ya jama'a, ku yi sauri! An fara harbi wajen gada."

Wafa'a ta miƙo mini reza. Na dube ta, na dubi ƙafafun nan da suka taka keken ɗinki shekara da shekaru. Na ɗauki ɗan ƙarfen.

"Lauratu!"

"Ku jira ta," na ce. "Ba ta gama shiri ba."

Na cusa tsini, na ɗaga. Na tsallake kaɗan, na sake. Ƙasa na girgiza daga nesa, hawaye na hana ni ganin zare, Wafa'a na share mini ido da gefen mayafinta. Da na kai ƙarshe na juya ta baya na ja. Ninkin ya buɗe, na biyu ya biyo shi, yadin ya sauka ya rufe yatsunta har da ɗan ragowar ɗauri, ko huji ɗaya babu.

Maza suka ɗauke ta a kan angarib ɗinta, suna sauri, kawunansu a sunkuye. Mu mata muka zauna a ƙasa a tsakar gida. Audugar lihafin na nan zube a gindin katanga, tsirara a rana. Can sai ƙananan tsuntsaye suka fara sauka, kowanne ya tsinci ɗan abin da bakinsa zai ɗauka ya tashi. Ba wadda ta kore su.