Makulli Na Uku

Takalmin ƙwallo ƙafa ɗaya. Galan ɗin man janareto. Hular kwano. Rigar makarantar yaro. Igiya mai warin akuya. Cajar waya wadda ba ta caji. Katin asibitin Mama. Abin da na kwashe ke nan daga motata kafin bakanike ya tura ta bayan gareji, inda yake jibge waɗanda ba za su sake tashi ba. A cikin duka, hular kwanon ce kaɗai tawa.

Kayan suna cikin buhu a kan cinyata, a bayan tasi. Yaya yana gaba kusa da direba. Kawu, ƙanin Mama, yana gefena, ya baje ƙafafu ya cinye kujera ɗaya da rabi. Ban gayyaci kowa ba. Da safe na faɗa wa Mama zan je duba sabuwar mota, na fito na tarar da su a ƙofar gida sun sha wanka suna jirana.

A gidanmu makullin mota a ƙusa yake kwana, bayan ƙofar ɗakin Mama. Haka muka taso. Wanda ya riga tashi shi ke da mota. Da na dawo daga karatu na sayi tawa, sai na rataye makullin a wurin ba tare da na yi tunani ba. Kuskuren farko nawa ne. Na ƙarshe na wani ne: fitilar baƙin mai ta kama, ja tana ƙiftawa, sai wani ya liƙa mata baƙin salatif don kada ta dame shi. Aka ci gaba da tuƙi har injin ya ƙone. Har yau ba a san wanda ya liƙa ba. A gidanmu ba a taɓa sanin wanda ya yi abu, sai dai a ce an yi.

Kamfanin da nake wa aiki rijiyar burtsatse yake haƙawa, ayyukan duk a bayan gari. Ni ce ke duba wuri kafin a kafa injin haƙa. In ban iso ba, ma'aikata da motar haƙa zaman jira suke yi. Na sha fitowa da asuba in tarar da ƙusa babu komai. Shugabana mutum ne mai ƙarancin magana. Ya ce in aka sake jirana, zai ba wani aikin.

"Auta," Yaya ya ce ba tare da ya juyo ba, "babba za ki ɗauka. Mai layin kujeru uku."

"Ni kaɗai nake zuwa aiki."

"Ke kaɗai ce a gidan?"

"Rabu da ita," in ji Kawu. "Can inda ta yi karatu kowa da ƙofarsa, kowa da cokalinsa. An ce har kare yana da kujerarsa a mota."

Direban tasi ya yi dariya. Yaya ya taya shi. Na dubi waje.

Wurin sayar da motocin gilashi ne daga sama har ƙasa. Tayil ɗinsa yana ɗaukar ido, sanyi yana dukan fuska tun daga ƙofa, ko'ina warin sabuwar taya. Motoci a jere, kujerunsu cikin leda. Dillali ya taso da sauri yana gyara wuyan riga. Na buɗe baki zan yi magana, ya wuce ni, ya kama hannun Yaya da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ka dawo. Tana nan inda ka bar ta, babu wanda ya taɓa."

Ya kai mu kusurwa, ya yaye mayafin wata ƙatuwar baƙar mota. Ta kai girman ɗakin kwana. Yaya ya shafa bayanta. Kawu ya buɗe ƙofar baya ya shige, ya miƙe ƙafa ya lumshe ido.

"Yaushe ya zo nan?" na tambayi dillalin.

Sai a lokacin ya lura da ni, ya dubi buhun da ke hannuna. "Ai ya zo ba sau ɗaya ba. Har mun zagaya da ita." Ya koma ga Yaya. "Maganar makulli na uku kuma na tambaya. Za a yi, sai dai a jira kwana biyu."

"Na uku?" na ce.

"Biyu suke zuwa da ita. Ya ce a ƙara ɗaya."

Na dubi Yaya. Ko a jikinsa.

"Don sauƙinki ne," ya ce. "Ɗaya a hannunki, ɗaya a hannuna, ɗaya a gida. Ba sai an tashe ki daga barci ba."

"An ce min na ukun nawa ne," in ji Kawu daga cikin motar.

"Wa ya ce maka?"

"Kai. Ranar da na raka ka."

Na aje buhun a ƙasa. Ban sa hannu a komai ba, ban ko taɓa ƙofar motar ba, an riga an raba ta. Na ce wa dillalin, "Malam, ni ce mai biya. Wannan mutumin yayana ne, wancan kawuna. Rakiya suka yi, ita ma ban nema ba."

Murmushinsa ya tsaya cak, sannan ya juyo da shi gaba ɗaya wajena. "Hajiya, sannu da zuwa. A kawo miki ruwa?"

"Nuna min waccan."

Ƙarama ce fara, mai tsayin ƙafa, irin wadda ba za ta dinga goga ciki a hanyar ƙauye ba. Na duba ƙasanta, na buɗe but, na auna da ido ko akwatin kayan aikina zai shiga. Zai shiga. Akuya ba za ta shiga ba, sai an naɗe ta. Na zauna a gaban sitiyari. Kujerar tana daidai inda kamfani ya bar ta. Rabon da in shiga mota ban fara da jawo kujera gaba ba, na manta.

"Wannan ai kwalin ashana ce," in ji Yaya ta taga. "Ni ina zan sa ƙafata?"

"A ƙasa. Ka taka."

A ofishin dillalin kujerun baƙi biyu ne. Yaya da Kawu suka zauna, ni mai biya ina tsaye har aka kawo ta roba. Na ce wa dillalin ya yi min bayanin saye da na haya.

Na riga na yi lissafin a gida, kuma ban ji daɗin amsar ba. Saye ya fi. In na saya, ina gama biya mota ta zama tawa, in na ga dama in sayar. In na ɗauki haya, zan yi ta biya duk wata har shekara uku, in mayar musu da kayansu, in fito hannu wofi. Duk wanda ya iya tarawa da ɗebewa ya san wanda ya kamata ya zaɓa. Da niyyar saye na fito daga gida.

Dillalin ya fara da saye, Yaya yana gyaɗa kai. Da ya zo kan haya sai ya rage murya, kamar mai faɗin aibin 'yarsa.

"Sai dai akwai sharuɗɗa, Hajiya. Motar ta kamfani ce har a gama. Wanda sunansa ke cikin yarjejeniya shi kaɗai zai tuƙa. In wani ya tuƙa aka yi haɗari, inshora ba ruwanta."

"Ci gaba."

"Akwai iyakar kilomita a shekara. Akwai na'ura a jiki mai nuna mana inda take. Gyara a garejinmu kawai. Ba a ɗaukar fasinjan kuɗi, ba a lodin kaya. In aka saɓa, muna iya zuwa mu ɗauke ta."

"Ku zo har gida?"

"Har gida, Hajiya. Ba ma so, amma muna yi."

"Makulli fa?"

"Ɗaya a hannunki, ɗaya a wajenmu."

Kowane sharaɗi ya faɗa, fuskar Yaya tana ƙara haɗewa. Ni kuwa ban taɓa jin magana mai daɗi irin wannan ba tun da na dawo.

"Wannan ba mota ba ce, kurkuku ce," in ji Yaya. "A ce ƙanwata ta yi shekaru tana karatu a ƙasar mutane, ta dawo tana hawan motar aro? Me zan ce wa jama'a?"

"Ka ce musu ba taka ba ce."

"Ji bakinta," in ji Kawu. "Kuɗi za ki zuba a rami fa, 'yar nan. Haya ai ciyar da ɗan wani ne, ya girma ya tafi gidansu."

"Wadda na saya ina take, Kawu? Tana bayan gareji kaji suna kwana a ciki. Wa ya liƙa salatif a kan fitilar?"

Kawu ya dubi silin. Yaya ya ce, "Mota ai ƙarfe ce, ranarta ce ta zo."

Ya zaro waya ya kira Mama, ya buɗe murya ya aje a kan tebur. Dabararsa ke nan tun muna yara. Ya faɗa mata nasa, ya gyara inda ya ga dama.

"Auta," in ji Mama, "ki bi maganar yayanki. Ki sayi abinki ki huta. In jikina ya motsa kina can daji, wa zai kai ni asibiti?"

"Mama, wancan watan da kike da ganin likita, me ya kai ki?"



"Mama?"

"Ban je ba. Katin yana cikin motar."

"Motar tana ina?"

"An ce abokin yayanki ya je ɗauko kaya da ita."

"Ni kuma ranar a bayan babbar motar siminti na je aiki. Motar da na saya ce, Mama, babba ko ƙarama ba ta kai ki ba, ba ta kai ni ba."

"To, ku dai kada ku yi faɗa a gaban mutane," ta ce, ta kashe.

Dillalin ya ga cinikin zai kuɓuce masa ta kowane ɓangare. Ya gyara zama ya shafa hannu. "Akwai mafita. A haya ana iya sa sunan direba na biyu. Ƙari kaɗan ne a wata. Kowa ya samu."

Kafin ya rufe baki Yaya ya zaro lasin tuƙinsa ya ɗora a kan tebur, ya tura shi gaban dillalin da yatsa ɗaya.

"Shi ke nan," ya ce. "Na haƙura da babbar. Ki ɗauki kwalin ashanarki, ki ɗauke ta haya in haka kike so. A sa sunana." Ya sassauta murya. "Auta, ni na koya miki tuƙi fa."

Gaskiya ne. A filin bayan makaranta, cikin tsohuwar motar marigayi Baba, yana riƙe da birkin hannu yana zagina. Bai taɓa gajiya ba. Kuma Yaya ya fi ni iya tuƙi. Matsalarsa bai iya hana kowa makulli ba. In sunansa ya shiga, da shi zai shiga da abokinsa, da surukinsa, da maƙwabcin da matarsa ke naƙuda, da Kawu. Zan fito da asuba in tsaya a ƙofar gida da hular kwano a hannu, ma'aikata suna can suna jira. Ni ma ban iya hana shi ba. Na gwada. In ya tsaya a kaina ya ce Auta, hannuna da kansa yake miƙa makullin.

Na ɗauki lasin na miƙa masa. Bai karɓa ba.

"Na gane," ya ce. "Ba mota kike nema ba. Biyan baƙo za ki yi duk wata, ya hana ɗan'uwanki abin da ke kin kasa hana shi."

"Eh."

Bai zaci zan amsa ba. Kawu ma ya daina wasa da murfin robar ruwansa.

"Kin san asara za ki yi?"

"Na sani. Na lissafa."

"Mama fa?"

"Ranar likitanta zan ɗauki hutu in kai ta da kaina. In abu ya taso ba na nan, ga tasi, ni zan biya."

"Karatun nan ya ɓata ki."

"Wataƙila. Ku jira ni a waje."

Yaya ya miƙe har kujerar ta bugi bango. Ya fizgi lasin daga hannuna. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce in na faɗa rami da ita a daji kada in kira shi, in kira kamfani. Na ce lambarsu tana cikin yarjejeniyar. Kawu ya bi bayansa, ya dawo ya ɗauki robar ruwan, ya sake fita. Ta gilashi na hango shi ya nufi baƙar motar, zai yi mata kallon ƙarshe.

Sun bar ƙofar a buɗe don su ji. Na tashi na rufe ta, na dawo na zauna a kujerar da Yaya ya bari.

"Farar," na ce wa dillalin. "Haya. Suna ɗaya."