Wakilin Daouda a Les Minguettes

Ranar da Daouda ya bar jami'a a Lyon ko sallama bai yi ba. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana rubuta tez, wato kundin digirin dokta, a kan taurin kan jakunan Damagaram a zamanin Turawa, har furfura ta fara leƙo masa, jakunan nan kuwa sun ƙi motsawa daga babi na uku. Ya hau jirgin ƙasa ya yi Paris, ya buɗe shagon gyaran waya a unguwar Barbès. In ka tuna masa karatu sai ya yi tsaki ya ce ƙuruciya ce. Ya yi tumbi, yana barcinsa har da minshari.

Sai a 2012 ya ga Raliatou, ɗiyar Alhaji Soumaïla mai fataucin atamfa a unguwar Les Minguettes da ke gefen Lyon, barci ya ƙaurace masa. To, biɗar aure ba a zuwa da kai, manya ake turawa. Daouda kuwa duk faɗin Faransa ba shi da baffa, ba shi da kawu. Ya duba ya hanga, dattijo ɗaya ne ya san shi ciki da bai: Farfesa André, malamin da ya kula da tez ɗinsa.

Kaico, Daouda! Ko mai gasa masara na bakin tashar jirgin metro ai da ya fi.

Farfesa ya amsa da murna. Daouda ya koya masa cire takalmi da miƙa goro, ya ce in an tambaya ya faɗi halinsa kawai. Ranar, Farfesa ya shiga falon Alhaji da kwat da kwalin goro, shi kuma ango ya laɓe a matakala, ƙofa a ɗan buɗe.

Aka gaisa da Faransanci, aka tambayi gida da gajiya da sanyi. Sannan Alhaji ya ce, "To Malam André, kai ne ubansa a nan. Wane irin mutum ne yaron?"

Amsar kowa ya san ta: mutumin kirki ne, shi ke nan, a yi fatiha. Amma Farfesa ya tsufa yana zaman alƙalancin tez, inda yabo ba suka raini ne. Ya gyara tabarau.

"Basira kam yana da ita. Sai dai gabatarwarsa ta cika tsawo, babi na uku ba ƙashi. Kuma yana fara abu da zafi, rana ɗaya ka neme shi ka rasa."

"Ba sallama?" in ji Alhaji.

"Ko ta waya."

Can Alhaji ya ɗaga murya da Hausa: "Shigo, Daouda, tun ɗazu muke jin numfashinka."

Ya shiga ya durƙusa. "Baba, karatun nan fa ba ya ciyar da kowa. Jaki ne, a takarda."

"Madalla. Jakin takarda ba ya ci, ba ya sha, ba ya mayar da magana, amma ka tsere ka bar shi. Raliatou kuwa duk tana yi. Na ba ka ita, ranar da Malam ya ce ka gama."

Aka shafa fatiha, aka raba goro. Farfesa har da share ƙwalla, ya ce rabonsa da irin wannan zama mai albarka tun kafin ya yi ritaya.

Suna saukowa, Daouda ya riƙe hannun rigar Farfesa gam, don wallahi yana son yarinyar nan.

"Monsieur, don Allah, wata nawa zai ɗauke ni?"

Farfesa ya gatsa goro, ya yamutse fuska, ya haɗiye da ƙyar.

"Mon cher Daouda, tun da ka tafi nake tunani. Gaggawa muka yi. Ba mai fahimtar jaki sai ya fara da raƙumi."