Kan Mai Kitso

"Ɗauke min bokitin nan, 'Yar Kati. Nan ba layin asibiti ba ne da za a tsaya jiranki."

Ban ɗauke ba. Ina tsugune bakin famfon tsakar gida ina matse zani da wuyan hannu, domin yatsuna ba su gama sakewa ba. Gwaggo Mai Kitso ce tsaye a kaina, wadda ɗakinta ke kallon nawa a gidan hayarmu. Ta ture bokitin da ƙafa, ta tara kofinta, ta kwance ƙullin leda da haƙori, ta watsa ƙwayoyi biyar a baki, kowace da kalarta.

"Gwaggo, haɗin nan zai huda miki ciki."

"Naki da likita ya rubuta me ya tsinana miki? Shekara nawa kina yawo da katin asibiti a jaka, ko murfin kwalba ba kya iya buɗewa. Ni kai uku zan kitsa yau."

Matar da ke jiranta a kan tabarma ta kwashe da dariya.

Ciwonmu ɗaya da Gwaggo, kuma ba abin da ta tsana kamar a faɗi haka. Ni ina shekarar farko a kwaleji ya kama ni. Likita ya ce ciwon gaɓɓai iri-iri ne. Akwai na tsufa mai cinye guringuntsin gwiwa, akwai mai kama babban yatsan ƙafa kamar an ɗora garwashi. Namu kuwa garkuwar jiki ce ke juyowa tana cin gaɓɓan mai ita. Yana kama hannu biyu tare, su kumbura, su yi zafi, mutum ya tashi da safe a sandare. Ba ya warkewa, sai dai a danne shi. Maganina sau ɗaya a mako, gwajin jini duk wata uku, motsa yatsu kullum, kuma sai da na yi wata huɗu ina sha kafin na ji bambanci. Da alƙalami ɗaure a yatsa na rubuta jarrabawata, na fito, na sami aikin koyarwa. Wanda duk ya ce min "sannu" da muryar tausayi, kallon da nake yi masa ba ya bari ya maimaita.

Ita Gwaggo shekara talatin kitso ke ciyar da ita. Haɗin da mai kemis na bakin titi ke ƙulla mata yana sake mata yatsu cikin awa guda, ba ta neman fiye da haka.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da fuskarta ta fara cika, kumatu suka yi tulu-tulu, sai mutanen gida suka ɗauka lafiya ce ta zo.

"Inna ta murmure," in ji Auta, 'yarta, tana ɗaga murya wajen ƙofata. "Masu baƙin ciki sai su haɗiyi zuciya."

Na yaye labule. "Kumburi ne, ba ƙiba ba. Dubi ƙafafunta sun tsotse. Dubi fatar hannunta, tsinken kitso ya taɓa ta sai ta yi tabo."

"Ke kam ko kumburin ki samu," Gwaggo ta ce, ba ta ko ɗago daga kan da take tsagawa ba, "wataƙila wani ya taya."

Duk da haka na rubuta ranar da likitan gaɓɓai ke zama, na tura takardar ta ƙarƙashin ƙofarta. Washegari na gan ta a kwandon shara, an naɗe gashin da aka taje a ciki. Daga ranar na daina gaishe ta. Wata biyu muna haɗuwa a bakin famfo kamar katanga da katanga.

Wata Asabar da hantsi Auta ta faɗo ɗakina ba sallama. "Zo ki gani."

A tsakar gida wata mata na zaune da rabin kai a tsefe. A ɗaki Gwaggo na kwance bakin gado, gumi ya jiƙa ta, ga kwano a ƙasa da amai baƙi kamar an jiƙa gawayi.

"Ko in ƙara mata haɗin, ya tsayar?" Auta ta tambaya, leda a hannu.

Na fizge ledar. "Jini ne wannan. Yaushe ya fara?"

"Bayan gidanta baƙi ne tun wancan makon. Ta ce kar a faɗa miki."

A asibiti aka ƙara mata jini leda uku. Likita ya duba ƙwayoyin, ya ce masu kashe zafin sun ci mata ciki, 'yar ƙaramar ƙwayar kuma ita ta kumbura fuskar, ƙodarta kuma ta gaji. Ɗanta direba ya tare ni a baranda.

"Bakinki ne ya kama ta."

"Bakina ba a leda ake ƙulla shi ba," na ce, na wuce.

Rana ta huɗu na biya bayan an tashi makaranta. Na tarar ɗankwalinta ya zame, furfura ta cukurkuɗe a kan matashi. Hannuwanta na kan bargo, yatsun duk sun karkata gefe guda, ba haɗin da zai miƙe su.

"Gobe matan da nake wa kitso za su zo dubiya," ta ce. "Ba za su ga kaina haka ba."

"Ga Auta nan."

"Wannan? Shekara ashirin a gabana, ko kalaba ba ta iya ba. Ke dai kina leƙe, na sha ganin idonki ta labule."

Gaskiya ta faɗa. Na daɗe ina kallon yadda take maƙale tsinke tsakanin yatsu biyu na tsakiya, tana ja da wuyan hannu maimakon ɗan yatsa. Ba wanda zai lura da wannan sai mai irin hannunmu.

Auta ta tallafe ta, na zauna a bayanta na fara tsaga.

"Tsagar nan ta karkace."

"Hannun ne a karkace, Gwaggo."

"Nawa a miƙe yake? Ban taɓa karkatar da tsaga ba. Ja sosai, ba kan jariri ba ne. Boko kawai."

Na cije leɓe na ja. Zafi ya hau min har kafaɗa, amma na rantse a raina ba za ta ji na ce wash ba. Muna layi na uku ta jefo min tambaya.

"Naki da safe, awa nawa yake yi kafin ya saki?"

"Yanzu rabin awa. Da can har azahar."

"Wata huɗu kika ce?"

"Wata huɗu."

"Wa zai bar kansa a tsefe wata huɗu yana jirana?" Ta rufe ido. "Gama min, kin cika nawa."

Layi huɗu na yi, awa biyu suka ci.

Ba ta kai ga ganin baƙinta ba. Ƙarfe goma na safe matan suka iso da kwanduna a hannu, suka tarar ta cika, an lulluɓe ta da mayafi. Babbarsu ta matsa, ta ɗaga mayafin tana salati, sai ta tsaya.

"Wa ya yi mata wannan kitson?"

Ina jikin taga, hannuwana a kumbure cikin gyale. Jelar layin ƙarshe ta fara warwarewa a bayan kunne. Auta ta sunkuya, ta lashi yatsu biyu, ta murza ta har ta kama, sannan ta mayar da mayafin.