Cinikin Gidan Kan Dutse

Madam Dansowa ta sake ƙwanƙwasa bangon da mukullin motarta, ta kasa kunne kamar mai zaɓen kankana.

"Anti, siminti ne zalla," in ji Asiedu, wanda ya zo sayar mata da gidan.

"Na tambaye ka?"

Asiedu ya ja da baya. Tun safe take wahalar da shi. Ta leƙa rijiya, ta shinshina ɗakunan, ta hau bene ta yi tsalle ta ji ko katako zai yi ƙara. Ban ga laifinta ba. Rabin rayuwarta a Akra ta yi shi tana sayar da atamfa, kuma da idonta ta ga an sayar wa mutum uku fili ɗaya, kowa da takardarsa mai hatimi. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Gidan kuwa ya shiga ranta, abin da ya ƙara tsorata ta ke nan. Yana can ƙwanƙolin dutsen Kwahu, kurmi ya rufe shi ta baya, ga itatuwan fiya da koko har gangare, otal mafi kusa sai ka tsallake kwari. Abin da take nema ke nan, wurin da ba kowa. Gidanta na Akra ya zama tasha: 'ya'yan ƙanne, 'ya'yan ƙawaye, wanda ya zo neman aiki ya shekara bai nema ba. Ta sayar da shagonta kaf don ta samu ƙofar da ita kaɗai za ta riƙe mukullinta kafin ta mutu.

Suka bi iyakar filin. Duk inda ta ga ntome, shukar da muke kafa iyaka da ita, sai ta sa ƙafa ta tone gindin, ta ga ko jiya aka dasa.

"Haba Anti, dubi kaurinsu. Babana da hannunsa ya dasa su."

Ta tsaya cak. "Wa ka ce?"

"Babana. Marigayi."

"Au, gidan ubanka ne?" Ta riƙe ƙugu. "Yau ga ɗan Kwahu da ya gaji ubansa! Marigayin ba shi da 'yar'uwa ne? Ba shi da 'ya'yan 'yar'uwa?"

Ta kama shi a daidai gaɓa. A wajenmu dukiya ta ɗakin uwa take bi, ɗan 'yar'uwa ke gadon kawu, ɗan cikinka kuwa sai abin da dangi suka ga dama. Asiedu ya share zufa duk da sanyin da ake yi. Ya rantse cewa dangin ne suka wakilta shi, takardu na wajen lauya.

"Takarda? A bayan shagona akwai mai buga irinta kafin ka gama cin tuwon kenke. Kai ni wajen babbar macen danginku."

"Anti, don Allah ki bar tsohuwar nan. Tambaya gare ta kamar ɗan sanda."

"Ka ga? Ruwa ba ya tsami banza. Shiga mota."

Nana Oforiwa, yayar marigayin, tana zaune a tsakar gida cikin gari tana ɓare gyaɗa. Aka ba baƙuwa ruwa, aka tambaye ta abin da ke tafe da ita. Dansowa ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce ta zo ta ji ko yaron nan ɓarawo ne.

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. "Asiedu? Ina ya ga wayon sata? Mu muka sa shi. Rufin yana yoyo, ba mai gyarawa, kowa ya ce ba shi da kuɗin gyara. Gara a sayar da shi da a bar wa jemagu su gada."

Sai a lokacin Dansowa ta ji wani dutse ya sauka daga ƙirjinta. Daɗi ya kama ta sosai, har ta yi wa Asiedu murmushi. Ta buɗe jaka ta fito da kwalbar giyar da ake zuba wa magabata in ciniki ya faɗa.

Nana Oforiwa ta karɓa, ta jujjuya ta. "To, zan gaya musu wa ke shiga ƙasarsu. Wace ce uwarki?"

"Ni 'yar Akra ce, Nana."

"Akra ba ta haihuwar mai bakin ciniki irin naki. Uwarki nake tambaya."

"Ansoma. Ta rasu."

"Ita kuma wa ya haife ta?"

Asiedu ya yi wani tari da ba na mura ba. Dansowa ta harare shi, ta ɗauka wata ƙullalliya ce yake son rufewa, don haka ta ɗaga murya. "Kyerewa. An ce daga saman nan ta sauka Akra da tallan duwatsun wuya tun tana budurwa, ba ta ƙara hawowa ba."

Tsohuwar ta ajiye kwalbar a ƙasa a hankali. "Kyerewa mai wushirya?"

"Haka aka ce."

Nana Oforiwa ta dafe kai ta kurma ihu. "Jama'a ku fito! Jikar Kyerewa ta dawo! Ƙanwar uwata, ciki ɗaya!"

Kafin Dansowa ta rufe baki tsakar gidan ya cika. Mata suna rungumarta, wata tana shafa mata goshi tana cewa ga shi nan sak. Asiedu ya zauna a kan turmi, ya zuba tagumi.

"Anti, ai na ce ki bar ta."

"Mayar da kwalbarki, 'yata," in ji tsohuwar tana share hawaye. "Wa ya taɓa sayar wa mutum abinsa? Gidanki ne, gidanmu ne. Ki shiga yau in kin so. Kuɗin ki gyara mana rufi da su. Allah ya kawo ki a kan gaɓa, wata mai zuwa muna da jana'iza, da ma ba mu san inda za mu sauke baƙin Kumasi ba."

Dansowa ta ƙura mata ido tana neman inda ƙaryar take. Ta san fuskar maƙaryaci ko a cikin taro. Ta duba idon, ta duba bakin, ba ta ga komai ba sai haɓar mahaifiyarta da irin yadda take karkata kai. Tunda take, ba ta taɓa fatan a ce damfara ake yi mata ba sai yau.

Wata mata mai goyo ta taɓa mata kafaɗa.

"Anti, ɗakunan saman nan, akwai wanda kika riga kika zaɓa?"