Wankin Mota a Winnipeg

A garin su Eusebio, can Meziko, baƙon kirki ba ya naɗe hannu. Shi ya sa kashegarin saukarsa gidan 'yarsa Nayeli a Kanada, ya ɗebi ruwa a bokiti, ya fita cikin sanyin nan mai ratsa ƙashi, ya wanke motar surukinsa Graham tas.

Kafin su gama karyawa, ruwan ya daskare. Graham ya ja ƙofar motar, ya sake ja, ko motsi.

Nayeli ta dafe kai. "Haba Baba! Wa ke wanke mota a waje da hunturu?"

Graham ya nufi tashar bas a ƙafa. Eusebio ya dubi motar tana ta ƙyalli.

"Ko sannu babu," in ji shi. "Haka mutanen ƙasar nan suke?"