Gayyar Dekin Seu Adenor

Seu Adenor ya shekara yana tara siminti buhu-buhu a bayan kicin saboda wannan Lahadin. Birkila ne, ya gina wa masu kuɗin Curitiba benayen da shi kansa ya manta adadinsu, amma nasa gidan a bayan gari har yau ɗaki biyu ne da falo. Ga 'yarsa Jucimara za ta dawo gida da miji da jariri, don masana'antar da mijin yake aiki ta rufe, haya ta gagare su. Dole a zuba dekin a kan gidan, a ɗora musu ɗaki a sama. Tsohon rufin an riga an kwaye shi, an kafa katako an shimfiɗa rodi, injin kwaɓa siminti kuma na haya ne, wuni ɗaya aka ba shi.

A unguwarsu ba a biyan kowa ladan zuba dekin. Gayya ake yi. Mai gida ya kira abokan aiki da maƙwabta, matar gida ta ɗora tukunyar feijoada, wato baƙin wake da nama, a yi ta miƙa bokiti har a rufe, sannan a zauna a ci a sha. Wanda duk ya zo maka, ranar tasa ko zazzaɓi kake yi sai ka je. Adenor bai taɓa cin ranar kowa ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Shekarar dai ta zo da tsiya. Gine-gine sun tsaya cik a gari, inda ka duba sai ƙarafa tsirara suna tsatsa. Kamfanin da Adenor yake wa aiki ya aiko wa ma'aikata da zaɓi ta bakin wakilin ƙungiya: ko kowa ya yarda a rage masa ranakun aiki da albashi, ko a sallami 'yan Haiti, sauran su ci gaba da cin cikakken albashinsu. Ranar Juma'a aka taru a gindin bene. Adenor ne ya hau kan bulo ya yi jawabi, har da buga ƙirji. Ya ce shi ba ya ƙin kowa, amma gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa, ƙasar nan iyayensu ne suka gina ta. Aka tafa masa, aka ɗaga hannu aka zaɓi sallamar. 'Yan Haiti suka tattara takalman aikinsu suka fita, shi kuma ya dawo gida yana jin kansa gwarzo.

Matarsa Dona Ivonete ta saurari labarin tana tsince baƙin wake.

"Kai ne da jawabi yanzu?" ta ce. "Wisnel ɗin da kake cewa ba ka da lebura kamarsa, har da shi?"

"Nete, ba ki san siyasa ba."

"Na san wake. Miƙo mini waccan roba."

Da sanyin safiyar Lahadi ƙamshin tafarnuwa da naman alade ya riga ya cika layin. Surukinsa Nivaldo, wan Ivonete, shi kaɗai ya iso, da tumbinsa da ciwon bayansa. Adenor bai damu ba. Waɗanda ya gayyata mutanensa ne, ya san halinsu, in ka ce musu da asuba to ka sa ido da hantsi.

"Tada injin," ya ce. "Kafin mu ci ƙuryar nan sun zo."

"Mu jira mana, suruki."

"Jiran me? Odair ya ce har ƙannensa zai kawo."

Nan fa ya yi wautar da ko sabon lebura ba zai yi ba, shi da ya tsufa a gini. Dekin in an fara zubawa ba a tsayawa. Kankaren da ya bushe ba ya kama sabo, sai a bar tsaga a tsakani, kowace damina ruwa ya riƙa ɗiga a kan gadon mutum har ya mutu. Adenor ya san wannan kamar sunansa. Amma alfahari ya hau kansa, ya tada inji, yana cika bokiti Nivaldo na ja da igiya, shi kuma ya hau ya baje ya sauko.

Sun rufe ƙurya ɗaya, rana ta ɗaga, layi shiru. Adenor ya share hannu a wando ya kira abokin aikinsa Odair a waya.

"Kuna ina ne, 'yan iska? Wake ya nuna."

Odair ya yi ta inda-inda kafin ya fito da ita. Tunda aka sallami mutanen nan aiki ya taru, ba masu ɗauko kaya, foman ya aiko jiya da yamma cewa kowa ya fito yau, wanda bai zo ba kada ya zo Litinin. Shi Adenor ne kawai aka ƙyale, don ya nemi hutun ranar tun tuni.

"Shi ne ba ka gaya mini ba?"

"Kunya ce, aboki. Kowa ya ɗauka wani ya faɗa maka."

Adenor ya kashe wayar ya tsaya yana kallon ƙuryar da suka zuba, bakinta ya fara yin fari. Tsoro ya kama shi sosai. Simintin shekara guda ne wannan, ba shi da hanyar sayen wani, gidan kuma a buɗe yake. Ya leƙa maƙwabta, masu ƙarfin duk sun fita neman 'yar buga-buga, sai tsofaffi da mata. Nivaldo ya zauna a kan yashi yana riƙe da ƙugu. Ivonete ta leƙo ta taga, ta dubi mijinta, ta buɗe baki za ta ce tsuntsun da ya ja ruwa, sai ta ga fuskarsa ta haɗiye sauran.

Yana ta cika bokiti shi kaɗai kamar mahaukaci sai ya hango mutane sun kwano layin, cikin fararen riguna da takalma masu ƙyalli, kowa da leda a hannu. 'Yan Haitin nan ne, daga coci suke. A gabansu Wisnel ne, dogon nan da ya shekara biyu yana kwaɓa masa siminti, a bayansa dattijo Mesidor mai furfura da wasu biyar. Adenor ya ajiye bokitin. Ya ɗauka rigima suka kawo masa har gida.

"Barka da rana, Seu Adenor," in ji Wisnel. "Mun makara, fasto ya ja wa'azi. Ina za mu canza kaya?"

Adenor ya saki baki. Sai yanzu ya tuna, watan jiya a wurin cin abincin rana ya miƙe ya ce kowa da kowa ya zo dekinsa, wanda bai zo ba ba ɗan goyo ba ne. Da su a wurin, har Wisnel ya ce sun ji.

"Amma... shekaranjiya..." ya fara.

"Shekaranjiya ta kamfani ce. Wannan gayya ce, ka kira mun amsa. A garinmu wanda ya amsa gayya ya ƙi zuwa, ko gawarsa ba mai ɗauka." Wisnel ya ɗaga kai ya dubi saman gidan, ya ɓata fuska. "Wa ya fara zubawa da mutum biyu?"

"Shi ne," in ji Nivaldo daga kan yashi, yana nuna surukinsa da leɓe.

Ivonete ta buɗe musu ɗaki suka rataye fararen rigunansu. Kafin ka ce kwabo sun jeru daga bakin inji har kan tsani, aka jefar da igiyar Nivaldo gefe. Bokiti ya riƙa tafiya hannu zuwa hannu, cikakke na hawa, wofi na saukowa. Mesidor ya ɗauko wata waƙa da harshensu, yana bayarwa suna amsawa, kowane amshi bokiti ya canza hannu. Adenor na sama da cokalin gini da katakon lailaya, ya fara jiƙa bakin tsohon zubin da ruwan siminti, Allah ya taimake shi bai gama kamewa ba. Daga nan bai ƙara samun sukunin ɗaga kai ba, kankare na zuwa masa fiye da yadda zai iya bajewa.

"Seu Adenor, ka tsufa," Wisnel ya ce daga kan tsani. "A wurin aiki kai ke ce mini malalaci."

"Rufe mini baki ka miƙo. Kuma ka ce wa na ƙasa ruwa ya yi yawa, ba kunu na ce a dama mini ba."

Aka yi dariya. Nivaldo da ciwon bayansa ya koma mai rabon ruwan sha, yana amsa waƙar da shirmen da ya ga dama, Mesidor na cewa bai taɓa jin jaki mai murya irin tasa ba. Matan layi suka fito da kujeru suna kallo, wata ta kawo ƙanƙara, wata ta kawo lemo ta yanka. Adenor na aiki gumi na shiga masa ido, daɗi da kunya sun cakuɗe masa, ya rasa wanne zai ji. Da la'asar ya ja katako a kan ƙuryar ƙarshe, ya miƙe da ƙyar, ya dubi dekinsa shimfiɗe sumul daga bango zuwa bango. Babu tsaga ko ɗaya.

Aka jera tebura a tsakar gida. Ivonete ta sauke tukunyar da sai mutum biyu ke ɗauka, ga shinkafa, ga soyayyen garin rogo, ga ganye. Wisnel ya zaro kwalbar yajinsu na kabeji da attaruhu daga leda, Nivaldo ya ɗiba da cika baki, ya ƙare yana hawaye yana neman giya. Mutanen coci suka ce su lemon kwalba ya ishe su.

Ana cikin haka su Odair suka shigo, mutum shida, fururu da ƙurar aiki, suna sunkuyar da kai. Ƙamshi ne ya jawo su, da kunya. Odair ya ɗauki faranti ya nufi tukunya, Ivonete ta tare shi da ludayi.

"Ka san doka, Odair. Waɗanda suka ɗauki bokiti su ke fara ci."

Suka koma jikin bango suka tsaya da farantansu a hannu, suna kallon mutanen da suka ɗaga hannu a sallama ranar Juma'a suna ƙari.

Adenor ya zauna kusa da Wisnel. Akwai maganar da mai gida ke faɗa wa duk wanda ya zo masa gayya, bakinsa ya saba da ita har ta fito kafin ya yi tunani.

"To, yaushe ne naka dekin? Ka kira ni."

Wisnel ya ajiye cokali ya yi murmushi.

"Nawa yana Gonaïves, can gida Haiti, Seu Adenor. An kai bulo har linta, matata na jiran abin rodi. Nan kuwa ɗaki ɗaya muke haya mu huɗu. In wata ya ƙare ban san inda za ka same ni ba, balle na kira ka."

Ba da gori ya faɗa ba, ya ci gaba da cin abincinsa. Adenor ya dubi sauran, kowa na da irin wannan amsar a fuskarsa. Mutum bakwai sun ba shi ranarsu, shi kuma da bakinsa ya tare duk hanyar da zai bi ya rama. Ya daɗe yana juya cokali a faranti, sannan ya miƙe. Wannan karon bai hau kan komai ba.

"Gobe ba zan taɓa cokalin gini ba," ya ce. "Ina bakin ƙofar kamfani tare da mutanen nan, har a kira wakili a sake ɗaga hannu. A rage ranakun, kowa ya samu. Ni na yi jawabin, ni zan je na lashe abina."

"Adenor, ka yi hankali," in ji Odair daga jikin bango. "Yadda gari yake, kai ma sai su kore ka. Ga 'yarka na zuwa."

"'Yata ta samu inda za ta kwana. Ka ga waɗanda suka ba ta." Ya juyo ya fuskance shi sosai. "Odair, dekin da kake kwana a ƙarƙashinsa, wa ya baje maka shi?"

Odair ya dubi farantinsa.

"Kai ne."

"Naka fa, Gilmar? Har da na uwarka."

Gilmar ya sosa ƙeya.

"Na kira ku yau ba ku zo ba, na san dalili, ban riƙe ku ba. To na mayar da gayyata gobe, a bakin ƙofa. Ba bokiti, ba tsani, tsayuwa ce kawai."

Mesidor bai fasa cin abincinsa ba. Su shidan suka dubi juna. Odair ya ja dogon numfashi, ya goge fuska da hularsa.

"Ƙarfe nawa?"

"Kafin foman ya iso. Kuma ba irin zuwanku ba."

"Matso da farantin," in ji Ivonete, ta nutsa ludayi har ƙasan tukunya inda naman yake.